Ramuwa da Matsalar Shaida a Finafinan Tamil

Masana'antar finafinan harshen Tamil, wadda cibiyarta ke unguwar Kodambakkam a birnin Chennai na kudancin Indiya, ta daɗe tana maimaita labarin mutumin da aka kashe masa wani nasa, hukuma ta kasa ko ta ƙi bi masa hakkinsa, shi kuma ya ɗauki makami da hannunsa. A Apoorva Sagodharargal na 1989 Kamal Haasan ya fito a matsayin wada mai wasan barkwanci da ke bin mutum huɗun da suka kashe mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, a Baashha na 1995 kuma Rajinikanth ya ɗauki sunan amininsa Anwar da aka kashe domin ya rama masa. Irin waɗannan finafinai sun shiga gidajen Hausawa ta hanyar fassarar Indiya-Hausa, saboda haka tambayar da suke tayarwa ta shafi mai kallo a Kano kamar yadda ta shafi na birnin Madurai: me yake halatta wa mutum ya haɗa matsayin shaida da na alƙali da na mai zartar da hukunci a jikinsa shi kaɗai?

Jigon ya girmi silima nesa ba kusa ba. A tsohuwar waƙar tarihi ta Silappadikaram, wadda ake dangantawa ga Ilango Adigal, sarkin Pandiya ya sa an kashe wani mutum mai suna Kovalan bisa zargin satar munduwar ƙafar sarauniya, sai matarsa Kannagi ta je gaban sarki ta fasa tata munduwar, yaƙutu ya zubo daga cikinta alhali ta sarauniya lu'ulu'u ke ciki, sarki ya faɗi ya mutu da ya gane zaluncinsa, sannan ta ƙone birnin Madurai. Abin lura shi ne hujja ta riga wuta zuwa, kuma an kafa ta a fada a gaban wanda ake tuhuma.

Silima ta maye gurbin wannan fada da dabarar waiwaye, wato komawa baya a tsakiyar labari domin nuna abin da ya faru tun farko. Da wannan dabara ake mai da mai kallo shaidar gani da ido, domin an nuna masa fuskar makashin da niyyarsa da kukan wanda aka zalunta, ta yadda idan jarumi ya fara sara babu sauran kokwanto a zuciyarsa. Nan ne ruɗin yake, domin irin wannan sani cikakke, wanda ba ya kuskuren mutum kuma yake leƙa abin da ke cikin zukata, ba a ba ɗan Adam shi ba. Ghajini na 2005, wanda A. R. Murugadoss ya shirya da Suriya kafin a sake yin sa da Hindi a 2008 da Aamir Khan, ya fi kowane fim tona wannan rauni. Jarumin labarin, Sanjay Ramasamy, wanda aka buga wa ƙarfe a ka a daren da aka kashe masoyiyarsa Kalpana, ba ya iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsa fiye da minti 15, don haka yana kisa ne bisa hotuna da rubutun da ya zana a jikinsa. Mai kallo ya san gaskiya, amma mai riƙe da makamin yana bin umarnin da ba shi da ikon tantancewa, kuma da wani ya sauya masa suna guda da ya kashe marar laifi da natsuwar zuciya iri ɗaya.

Fiƙihun Musulunci bai raina zafin da wanda aka kashe wa ɗan'uwa yake ji ba, shi ya sa ya ba waliyyin jini, wato magajin mamaci, zaɓi tsakanin ƙisasi da karɓar diyya da yin afuwa. Sai dai ya ɗaure ƙisasin da sharuɗɗan da fim ɗin ramuwa ke kwancewa, domin dole laifin ya tabbata a gaban alƙali ta hanyar iƙirari ko shaidu adilai, ba a taɓa kowa sai wanda ya yi kisan, kuma ba a wuce gona da iri. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma wannan ƙarin zafin shi ne ainihin abin da shari'a ta tsaya ta hana, shi ne kuma abin da ake sayen tikiti domin a gani, tunda jarumi kan bi ta kan gawarwakin yaran mugu da dama waɗanda ba wanda ya tambayi laifin kowanensu.

Hujja mafi nauyi da ke goyon bayan waɗannan finafinai ita ce akwai wuraren da alƙali da ɗan sanda ke hannun azzalumi, kuma tarihin jihar Tamil Nadu ya san haka, domin a ƙauyen Kilvenmani a Disambar 1968 an ƙone mutum 44 daga iyalan 'yan ƙwadagon gona 'yan Dalit, waɗanda tsarin bambanta mutane bisa asali ya ajiye a ƙasan kowa. Asuran na 2019, wanda Vetrimaaran ya ɗauko daga littafin Vekkai na Poomani, ya ɗauki wannan hujja da gaske ba tare da ya mai da ita biki ba. Sivasamy, wanda Dhanush ya fito a matsayinsa, ya taɓa ɗaukar fansa da ƙuruciyarsa bayan an ƙone danginsa, kuma abin da ya samu bai wuce gudun hijira da tsoro ba. Saboda haka da aka kashe babban ɗansa ya haɗiye, ƙaramin ɗan ya ɗauke shi matsoraci ya je ya sare mai gonar da ya sa aka kashe yayansa. Ragowar fim ɗin ƙoƙarin uba ne na tsirar da yaron daga sakamakon abin da ya aikata, har ya kai ga miƙa kansa ga kotu a madadinsa, yana yi masa wasiyya da ya riƙe karatu.