Jinƙai da Takunkumi

A birnin Landan, ƙasar Ingila, akwai wani gidan karnukan da aka yasar, ana ce da shi Battersea. Wata mace, Mary Tealby, ta kafa shi a shekara ta 1860. Mutane sukan zo su fita da karnukan yawo, ba a biyansu ko anini. Amma waɗansu karnuka ba a gane halinsu: yau su kaɗa wutsiya, gobe su kai cizo, sau da yawa domin sun sha duka a dā, tsoro bai sake su ba.

Ko daidai ne mutum ya sa hannunsa cikin hatsari saboda kare? Mu dai mun ce i. Gama karen da aka bari a kulle, halinsa yakan ƙara ɓaci, ba mai ɗaukarsa, wataƙila ƙarshensa kisa.

Amma hannun mai jinƙai nasa ne. Ƙafar yaron da ke wucewa ba tasa ba ce. Tilas ya riƙe igiya gam, ya sa wa karen takunkumi. 'Yan'uwa, mu yi wa mai wuyar hali alheri, amma kada alherinmu ya jawo wa maƙwabci rauni.