Shin Akwai Wurin Da Babu Komai?

Bayan la'asar ranar Talata wani yaro ya tsare mu a ƙofar masallaci nan Lamisula: wai ina sama ta ƙare, kuma bayanta mene ne? Muka yi dariya, amma fa ba wanda ya amsa.

Tambayar tsohuwa ce. Ibn Sina ya ce wofi zalla ba ya yiwuwa. Malaman tauhidi na Ash'ariyya da yawa suka ce yana yiwuwa. Mu gwada da jarka. Mukan ce ba komai cikinta, amma a danna ta cikin ruwa a ji ɓul-ɓul, ashe iska ce cike. A 1643 Torricelli na Italiya ya samar da gurbi marar iska a bututun gilashi, duk da haka haske na ratsa shi. Ko tsakanin taurari akwai ɓurɓushin iskar haidirojin.

Iyaka kuwa, masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8. Abin da haskensa bai iso mu ba, ba ma ganinsa. Wato iyakar ganinmu muka sani. Ta halitta, Allah ne masani.

To, mu da muka baro garuruwanmu, wannan ya shafe mu. In muka ga giɓi a sahu inda wani ya saba tsayawa, kada mu ce ba komai. Wataƙila ciwo ne, ko bashi, ko kunyar rashi. Yau bayan Juma'a, kowa ya leƙa mutum guda.

Allah ya sa mu dace.