YAUSHE BAƘO KE ZAMA ƊAN GARI?



Tun shekarar 1963 Muryar Jamus take magana da mu da harshen Hausa, har sunan wannan ƙasa ya zama sananne a kunnen manomi da masunci daga Gulma zuwa Argungu da Birnin Kebbi. Mun san Jamusawa kuma ta hanyar ƙungiyoyin Ikilisiya irin su Misereor da Missio, waɗanda suka daɗe suna taimakon ayyukan jinƙai a ƙasashenmu. A waɗannan shekaru matasa da yawa suna ratsa hamada ta Agadas da begen isa can. Saboda haka ya dace mu tsaya mu yi tambaya: wanda ya isa, ya sami aiki da ɗaki da takardun zama, shin zuciyarsa ta sami masauki? Mun ɗauko tambayar daga Jamus ne domin daga nesa aka fi ganin siffar dutse, amma amsar a ƙofar gidanmu za mu neme ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Jamus ta Yamma sun rasa isassun hannaye. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961, da wasu ƙasashe kuma. Sunan da aka ba waɗannan mutane a harshen Jamusanci yana nufin “baƙin ma'aikata”, kuma a cikin sunan nan dukan matsalar take. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, wato da hantsi ya yi zai tafi. Haka masu masaukin suka ɗauka. A 1973 aka daina ɗaukar sababbi, amma da yawa daga waɗanda suka zo ba su koma ba. Suka kawo iyalansu, suka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Jamus. Duk da haka sai a shekarar 2000 doka ta yarda yaron da baƙi suka haifa a ƙasar ya iya zama ɗan ƙasa ta dalilin haihuwa, bisa wasu sharuɗɗa.

Tsakanin waɗannan shekaru an ga munanan abubuwa, an kuma ga kyawawa. A watan Agusta na 1992 wasu gungun mutane suka kewaye masaukin baƙi a birnin Rostock suka cinna masa wuta. A watan Mayu na 1993 aka ƙone wani gida a Solingen, mata da 'yan mata biyar 'yan asalin Turkiyya suka mutu. Amma a watan Disamba na 1992 dubban ɗaruruwan Jamusawa sun fito titunan Munich riƙe da kyandir domin su nuna ba da yawunsu ake wannan ta'asa ba. A 2015 ƙasar ta karɓi masu neman mafaka kusan 890,000, da yawansu daga Siriya, kuma majami'u da talakawa sun yi hidimar da duniya ta shaida. Sai ga shi a 2023 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta fitar da bincike kan baƙar fata, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka tambaya a Jamus suka ce an nuna musu wariyar launin fata cikin shekaru biyar da suka gabata. Ga ƙasa mai ba da abinci da magani da makaranta, ga kuma baƙin da har yanzu suke jin a bakin zaure aka tsayar da su. Kakanninmu sun riga sun ba wannan al'amari suna: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

In muka yi nazari, za mu ga zama da baƙo hawa uku ne. Na farko shi ne haƙuri da shi: ba a kore shi ba, ba a kuma kira shi ba, yana nan domin ana bukatar ƙarfinsa ko hajarsa. Na biyu shi ne saukar da shi: a ba shi ruwa, a ba shi ɗaki, a kare shi daga cuta. Wannan alheri ne babba, amma akwai abin da ke ɓoye cikinsa. Muddin mutum yana hawa na biyu, hannunsa kullum a ƙasa yake, bakinsa kullum da godiya, kuma ran da ya ce ga abin da ke damunsa sai a kira shi butulu. Hawa na uku shi ne zama ɗan gari, kuma alamunsa biyu ne: a nemi wani abu daga gare shi kamar yadda ake nema daga kowa, a kuma saurari kukansa ba tare da an tuna masa hanyar garinsu ba. Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, shi kuwa Allah mai bayarwa ne. Don haka wanda aka hana shi damar bayarwa an tauye wani abu daga mutuncinsa, ko da an cika masa ciki.

To, yaya lamarin yake a kwarin Rima? Muna da tarihin da za mu yi alfahari da shi. A 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya sami karɓa daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sauka a Gwandu, ya bi ta Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Ba addininsu ɗaya ba, ba launinsu ɗaya ba, amma an ba shi masauki da takardar kariya. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya ga Ingila da Jamus da idonsa, ya kuma taimaka wajen rubuta Hausa da boko kafin ya dawo. A Argungu kuma, bikin kamun kifi da duniya ta sani a yau, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga tarbar baƙo: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Kabawa suka shiga ruwa domin girmama shugaban mutanen da suka daɗe suna yaƙi da su. Haka nan al'adar fatoma, wanda ke saukar da fatake ya tsaya musu a kasuwa, ta daɗe a ƙasar Hausa. Hausawa kansu sun san ɗanɗanon baƙunci a zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan.

Sai dai laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. A 1969 gwamnatin Ghana ta kori baƙi, 'yan Nijeriya da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1983 ƙasarmu ta yi irin wannan, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kama hanya, akasarinsu 'yan Ghana, tare da 'yan Nijar da Chadi. A cikin gida kuma muna da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali, amma wannan kundi ɗin, a sashe na 147, ya yi maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci, kuma a aikace asalin uba ake bi. Sakamakon haka, yaron da aka haifa a Argungu, ya yi wanka a Matan Fada, ya iya Kabanci fiye da harshen kakansa, in ya zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ana iya tura shi wani gari da bai taɓa kwana ciki ba. Wannan yaro da jikan Baturke na birnin Balin ciwonsu ɗaya ne.

Wani zai ce: ai tsoron mai gida ma gaskiya ne. Haka ne, kuma ba za mu rufe ido a kansa ba. Fadama ba ta ƙaruwa, masu nomanta kuwa suna ƙaruwa. Rahotanni sun nuna cewa 'yan bindigar da ake kira Lakurawa da fuskar masu taimako suka fara shiga wasu ƙauyukan iyaka a Jihar Sakkwato, kuma a watan Nuwamba na 2024 sun kashe mutane a Mera cikin ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Wanda ya binne ɗansa ta dalilin wanda ya shigo daga waje ba za a yi masa wa'azin karɓar baƙi da gatse ba. Ikilisiya ma ba ta koyar da cewa a bar ƙofa ba mai tsaro. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika ta bayyana cewa hukuma tana da ikon sa ƙa'idoji domin amfanin jama'a, baƙo kuma wajibi ne ya girmama dokoki da al'adun waɗanda suka karɓe shi, ya ɗauki rabonsa na nauyin gari. Abin da adalci ya hana shi ne a ɗauki laifin mai bindiga a ɗora wa mai tallan ruwa domin harshensu ɗaya. Bazabarme da ke tura kurar ruwa, da Bafulatanar da ke kawo nono, da Ba'are wanda iyakar Turawa ta raba shi da ɗan'uwansa, kowannensu da aikinsa za a auna shi. Tsoron da ya tsaya kan aikin mutum hankali ne. Wanda ya bazu kan dukan ƙabila zalunci ne, kuma shi ne ya kunna wutar Solingen.

Littafi Mai Tsarki ya ɗauki wannan magana da nauyi. A Littafin Firistoci, sura 19, an umarci Isra'ilawa su riƙi baƙon da ke zaune tare da su kamar haifaffen gida, dalilin da aka ba su kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Wato wahalar da mutum ya sha bashi ce a kansa ga wanda ke shan irinta a yau. Ibrahim ya tarbi matafiya uku a Mamre bai san ko su wane ne ba, ta bakinsu kuwa ya sami alkawarin ɗa. Rut 'yar Mowab ta shigo Baitalami tana kalar hatsi a gonar wani, ta zama kakar kakannin Almasihu. Yusufu da Maryamu sun gudu da Jaririn zuwa Masar, suka rayu da alherin mutanen da ba su san su ba. A Bisharar Matiyu, sura 25, Ubangijinmu ya sa kansa a matsayin baƙo, ya kuma sa karɓar baƙo cikin abubuwan da za a yi mana shari'a a kansu. Shi ya sa tun 1914 Ikilisiya take keɓe rana domin masu ƙaura, shi ya sa kuma marigayi Paparoma Francis ya fara tafiye-tafiyensa a 2013 da tsibirin Lampedusa, inda teku ke kawo gawawwakin 'ya'yan Afirka.

Yanzu bari maganar ta shigo cikin majami'a. Mu Katolika na wannan yanki mun san zafin kalmar “baƙo”. Da yawa cikinmu iyayensu daga kudu suka zo, ko daga ƙasar Zuru, ko Filato da Binuwai. Wasu kuwa Hausawa ne gaba da baya, amma saboda baftisma ana duban su kamar ba 'yan ƙasa ba. Mun san wahalar neman filin gina ɗakin sujada. Bangaskiyar ma baƙi ne suka kawo mana ita, limaman Dominikan daga Amurka waɗanda suka yi aiki a wannan ƙasa har Sakkwato ta zama dayosis a 1964. Tunda haka ne, umarnin da aka ba Isra'ila ya hau kanmu kai tsaye. Bari kowace majami'a ta tambayi kanta: Misa ta Hausa da ta Turanci daraja ɗaya ake ba su, ko ɗaya ta masu hali ce ɗaya ta 'yan ƙauye? A majalisar Ikilisiya, akwai kujerar manomin da ya gudo daga harin 'yan bindiga, ko sai a layin rabon hatsi ake ganinsa? Ƙungiyoyinmu na ƙabila, waɗanda suke da amfani wajen biki da jana'iza, suna buɗe ƙofa ko suna gina katanga a cikin gidan Allah? Wanda ya yi shekara guda yana zama a bencin baya, akwai wanda ya san sunansa?

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Katikis da shugabannin Zumuntar Mata su san duk sabon iyali da ya sauka, su kai masa ziyara kafin wata ya ƙare. A ba sabon zuwa aiki, ko karatu a Misa, ko waƙa, ko sharar haraba, domin wanda aka ba tsintsiya ya san an ɗauke shi ɗan gida. Mai gidan haya kada ya ƙara kuɗi don ya ga mutum ba shi da kowa. Waɗanda kuma suke zaune a garin da ba na kakanninsu ba, su koyi harshen gari, su gaida maƙwabtansu Musulmi a ranar Salla, su je ta'aziyya, su fito aikin gayya, gama wanda yake so a kira shi ɗan gari sai ya ɗauki garin kamar nasa. Iyayen da 'ya'yansu ke mafarkin Turai su gaya musu gaskiya: a can ma akwai kaɗaici, kuma kuɗi ba ya sayen fuskar maƙwabci.

A gaban bagade babu takardar shaidar asali. Gurasa ɗaya ake gutsura wa Bakabe da Ibo da Badakkare da Bajamushe, kuma dukanmu matafiya ne zuwa garin da ba wanda ya gāje shi daga ubansa, sai dai a karɓe shi da alheri. Bari Iyali Mai Tsarki, waɗanda suka san gudun hijira, su yi roƙo domin baƙin da ke Jamus da waɗanda ke kwarin Rima, da kuma masu masaukinsu. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu gane fuskar Ɗansa a fuskar wanda ya yi mana sallama. Amin.