Sulhu Na Da Tsada, Amma Yaƙi Ya Fi Shi



A makon nan ake tunawa da 1 ga Oktoba, 1960, ranar da Najeriya ta karɓi mulkin kai daga hannun Turawan Ingila. Mun gode wa Allah. Amma mu mazauna Inugu bai kamata mu tsaya ga murna kawai ba. Tun kafin 'yanci, garin nan ya taɓa ɗora Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, a kujerar magajin gari. To, a 1966 sai amanar ta karye. Aka kashe Ibo masu yawa a Arewa, 'yan Arewa kuma suka bar rumfunansu a nan suka gudu. Yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Wata 30 ana zub da jini, yunwa ta cinye ƙananan yara ba adadi. Jama'a, wa ya ci riba?

Sulhu ma ba kyauta ba ne, haɗiye fushi ne kuɗinsa. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yarda ya koma Madina da sahabbai kusan 1,400 ba su yi umara ba. Suhailu bin Amr ya ƙi a rubuta masa laƙabin Manzon Allah a takardar, shi kuwa ya amince a sa sunansa da na mahaifinsa. Abin ya yi wa Sayyidina Umar (RA) nauyi ƙwarai. Amma bayan shekara biyu, da mutum 10,000 aka shiga Makka.

Don haka muna roƙo, musamman ga matasanmu 'yan acaba da na kasuwa: in rigima ta haɗa ka da ɗan gari, kada ka kira taron dangi, kawo maganar gaban Sarkin Hausawa ko liman. Bidiyon da aka turo maka a WhatsApp wai ana kashe 'yan Arewa, kar ka tura wa kowa sai ka tabbatar. Wallahi in ya isa Kano ko Gusau, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai biya, sannan ramuwar ta dawo kanmu.

Bayan sallar Juma'a a ɗan dakata, liman zai jagoranci addu'a ga ƙasa. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.

Sakataren Masallaci