Bayan Ambaliya, Me Ya Wajaba A Tsamo?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kafa duwatsu, Ya gudanar da ƙoramu a tsakaninsu, Ya sanya ruwa ya zama rahama a wani lokaci, jarrabawa a wani lokaci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ke tasowa a zaurukanmu da ƙofofin masallatanmu duk sa'ad da ruwa ya yi ɓarna. Da zarar an ji za a kashe dukiya wajen gyaran tsohon gini, ko dashen itace a bakin ƙorama, ko tayar da maƙera da dukawa waɗanda suka rasa kayan aikinsu, sai wasu su ce: mutane suna kwana a ɗakunan makaranta, yara ba su da abin kaiwa baka, ina amfanin tsohon bango da kwalliyar azurfa? Wannan tambaya ce ta masu tausayi, ta cancanci amsa. Za mu dube ta ta hanyar abin da ya auku a ƙasar Abzin, domin a ƙasar duwatsu ne al'amarin ruwa yake fitowa fili ƙarara.

Yadda ruwa ke sauka a Abzin

Wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya saba da ruwan da ke zuba a kan jigawa, rairayi ya shanye shi. Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Duwatsun Abzin dogaye ne, ƙololuwar Bagazan ta haura mita 2,000, ruwan shekara kuma kaɗan ne, a Agadas bai cika wuce milimita 150 ba. Sai dai wannan ɗan ruwan yakan zubo ne cikin ƴan sa'o'i, ya gangaro daga kan duwatsu, ya taru a ƙoramu, ya taho da ƙarfi yana ɗauke da yashi da kututture. Sau da yawa mutumin gindin dutse yana kallon sama garau, sai ya ji rugugin ruwan da aka yi a nesa da shi. Wannan ruwan kuma shi ne rayuwar ƙasar, domin shi ke nitsewa cikin yashin ƙorama ya cika rijiyoyin garake, inda ake noman albasa da dabino da lemun da ke isowa kasuwanninmu daga Tabelot da Timiya.

A farkon watan Satumba na 2009, ana cikin azumin Ramadan na 1430, an yi ruwa mai yawa a kan duwatsu. Ƙoramar Telwa ta cika ta batse, ta karya madatsar da ke sama da gari, ruwa ya afka cikin Agadas. Dubban gidajen ƙasa suka rushe, garake suka cika da yashi, rijiyoyi suka rufta, dabbobi suka salwanta. A daminar 2024 kuwa jarrabawar ta game Nijar baki ɗaya: fiye da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gidaje suka zube a tsohon garin Agadas, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa masu hasara da mafificin alheri.

Rai ne a gaba

Malaman usulu sun kasa maslahar ɗan Adam kashi uku: larura, da buƙata, da ƙawa. Sun ce larura ita ce tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma ba a gabatar da ƙawa a kanta. Saboda haka babu jayayya a kan kwanakin farko. Ceton rai, da abinci, da ruwan sha mai tsabta, da inda mata da yara za su fake, su ne wajibi. Duk wanda aka danƙa wa buhun agaji ya karkatar da shi, ko ya fifita danginsa a kan wanda ya fi su buƙata, ya ci amana, kuma za a tambaye shi.

Amma buhu yana ƙarewa. Bayan wata biyu ko uku masu agaji sukan naɗe tabarmarsu, a bar mutanen gari da kango da yashi. A nan ne tambayarmu take da nauyi, kuma abin da muke gani shi ne: da yawa daga abubuwan da ake lissafawa a cikin ƙawa, idan aka tona, sai a tarar su ne saiwar larura.

Itacen bakin ƙorama

Goruba da ƙandili da aduwa da ke tsaye a gaɓar ƙorama suna riƙe ƙasa da saiwoyinsu, suna rage wa ruwa gudu, har ya samu damar nitsewa. Da albasa ta yi daraja, injin ban ruwa kuma ya yawaita, wasu sun sare kurmin goruba sun faɗaɗa garka har bakin ruwa, ga kuma saran itacen wuta da na gawayi domin birni. Ranar da ƙorama ta taso, sai ta ci gaɓar da aka tsiraita, ta ɗauke garkar wanda ya yi saran, ta wuce ta ɗauke ta maƙwabcinsa da bai sare ko reshe ba.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa cikin sauƙi. In an ƙyale su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Ƙorama jirgi ɗaya ce tun daga kan dutse har gari. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa hukuncin Annabi game da ƙoramun Madina, cewa na sama ya tsare ruwa gwargwadon idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Fiƙihunmu ya san hurumin rijiya da hurumin kogi, Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Don haka lokacin da hukuma ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, mai faɗin hekta miliyan 7.7, asalin abin ba baƙo ba ne ga shari'armu, matuƙar an kiyaye haƙƙin makiyaya da manoman da ke zaune a ciki.

Mun kuma ga da idonmu cewa ƙasa tana warkewa. A tuddan Adar, tun daga 1984, mutanen Keita, mafi yawansu mata, sun ɗauki duwatsu a ka, sun jera su a gangaren tudu, sun haƙa ramuka sun dasa itace, har ruwan da ke wucewa a guje ya koma yana tsayawa. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun rayar da miliyoyin hekta ta hanyar barin tohon itace a gonakinsu. Abin da ya yiwu a Adar ba zai gagara a Abzin ba.

Ƙaddara ba ta ɗauke wa bawa aiki

Wani zai ce: ruwa na Allah ne, wa zai tare shi? Gaskiya ne, babu ɗigon da ke sauka sai da izininSa. Amma mu tuna Makka kanta kwari ce a tsakanin duwatsu. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ambaliya ta shiga Harami ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya taso daga Madina, ya mayar da Maƙamu inda yake, sa'an nan ya sa aka gina madatsa a saman gari domin karkatar da ruwa. Ya yi abu biyu a tafiya ɗaya: ya tsare abin gado, ya kuma toshe hanyar ɓarna. Babu wanda ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu, bai kuwa ce a zauna a jira ba.

Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen Saba'i, masu gonaki dama da hagu, waɗanda suka butulce, aka aiko musu da ambaliyar da ta rusa madatsarsu, suka watse a cikin ƙasa. Masu tafsiri sun kawo cewa ɓera ne ya fara ƙwaƙular gindin madatsar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Godiyar ni'ima tana da harshe, tana kuma da hannu: yashe magudana, da barin zuba shara da leda a hanyar ruwa, da ƙin yanka fili a cikin tsohuwar ƙorama don an shekara goma ba ta kawo ruwa ba. Wannan ya ƙara wajaba a yau, domin masana yanayi sun nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa lokaci ɗaya sun yawaita ƙwarai a Sahel tun daga shekarun 1980.

Ilimin da ke cikin hannu

Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta. Asalin masallacin yana komawa ƙarni na 16, an sake gina shi a 1844, a 2013 kuma hukumar Unesko ta sa tsohon garin a cikin kayan gadon duniya. Abin da ya tsayar da wannan gini ƙarni bayan ƙarni shi ne magina da suka san inda ake ɗebo ƙasa mai kyau, da kwanakin da za ta yi a jiƙe, da yadda ake ɗora azara, da inda indararo zai zubar da ruwa nesa da gindin bango, da sabunta yaɓe kafin damina. Inda wannan ilimi ya yi rauni, sai ka ga an shafa wa bangon ƙasa siminti, laima ta shiga ta rasa mafita, bango ya ruɓe ta ciki yana sheƙi ta waje. Talakan da ba shi da kuɗin bulo da ƙarfe, da ƙasa zai sake ginin ɗakinsa. Ashe maginin da ya koyi aiki a jikin tsohon masallaci shi ne wanda zai gina wa marayu ɗakin da ba zai faɗo musu ba.

Haka maƙerin azurfa, da badukun da ke ɗinka sirdin raƙumi, da matar da ke saƙa tabarma da kabar goruba. Idan ruwa ya tafi da zugazugi da uwar maƙera da fatu, gida guda ya rasa abincinsa. Wanda ya ba su buhu ya ciyar da su wata ɗaya, Allah Ya saka masa. Wanda ya mayar musu da kayan aiki ya fid da su daga roƙo, ya tsare musu mutunci. Ku lura kuma cewa matar nan ba ta da kaba sai goruba tana tsaye. Tsare itace da tsare sana'a igiya ɗaya ce.

Sai kundayen malamai. Agadas gari ne na ilimi. Can Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je wurin malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. A gidaje da yawa, can da nan, akwai littattafan hannu a cikin gafaka, an ajiye su a ƙasan ɗaki. Bango in ya faɗi ana tayar da shi, tawada in ta narke ta tafi ke nan. Ɗaga su zuwa wuri mai tsawo, da ɗaukar hotonsu shafi shafi, aiki ne mai sauƙi, tsaron addini ne kuma.

Yadda za a tashi tare

Lokacin da ambaliya ta raunana ginin Ka'aba, Annabi yana da shekara 35, Ƙuraishawa sun sake gina ta, suka sharɗanta kada a sa dukiyar haram. Da halal ta gaza, sai suka rage ginin, suka bar Hijiru a waje. Da aka zo ɗora Hajarul Aswad, kowace ƙabila ta ce ita ce, har aka kusa zare takubba. Annabi ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a kai, ya ce kowane shugaba ya kama gefe. Darasi biyu ne a nan ga duk garin da ke son tashi bayan ruwa: dukiya mai tsabta ko da kaɗan ce, da kuma ba kowa gefen da zai kama, Buzu da Bahaushe da Bafillace, mai garka da makiyayi, namiji da mace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu unguwanni su farfaɗo da gayya tun kafin hadari ya haɗu, a yashe magudanu, a sabunta yaɓe, a fara da gidan gwauruwa da na tsoho. Muna kira ga mawadata su tuna da wakafi: jeren duwatsu a gangaren tudu, da kurmin da aka tsare, da yaron da aka biya wa koyon gini ko ƙira, duk sadaka ce mai gudana. Muna kira ga hukuma kada ta ba da izinin gini a hanyar ruwa, ta kuma saurari tsofaffin da suka san inda ƙorama ta taɓa bi. Mu da ke kudu kuma, da muke cin albasar Abzin da dabinonta, kada mu manta da masu noma su ranar da rijiyoyinsu suka rufta.

Ya Allah Ka sanya ruwanmu ya zama na rahama, Ka saukar da shi inda zai amfani bayinKa da dabbobinsu, Ka kare garuruwanmu daga rushewa da nutsewa, Ka ba mu ikon riƙe amanar ƙasa da ta ilimi har mu miƙa su ga ƴaƴanmu. Amin.