Sauti a Matsayin Shaida: Tsakanin Gaibu da Rinjayen Zato

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Suwidin, Finlan da Kanada, ƙanƙara kan daskare a jikin fukafukan injinan da ke samar da lantarki daga iska, ta ɓata musu siffa, ta rage wutar da suke bayarwa, wani lokaci ma ta ɓantare ta faɗo da nauyin da zai iya raunata mutum. Da yake ido ba ya kai wa can sama cikin dare ko hazo, masu bincike sun ɓullo da dabarar manna ƙananan na'urori da ke tura sauti ta cikin jikin fiffiken, sautin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sannan a auna yadda ya isa ɗaya gefen, domin ƙanƙara kan rage masa ƙarfi ta kuma sauya saurinsa. Injinan lantarkin iska 37 na Lambar Rimi a Katsina ƙurar hunturu suka sani, ba ƙanƙara ba, amma tambayar da dabarar ta tayar ta shafi kowa: wane irin sani ne wannan?

Ba sanin gaibu ba ne, domin malamai sun bambanta gaibun da Allah Ya keɓanta da shi da abin da ya ɓuya wa wani amma ya bar alama, kuma kamo ɓoyayye ta hanyar alamarsa shi ake kira istidlali. Mai gyaran janareta a Badarawa, wanda kan saurari kukan inji ya faɗi ciwonsa tun bai kwance shi ba, ba boka ba ne.

Sai dai wannan sani bai kai yaƙini ba. Matsayinsa rinjayen zato ne, wato zaton da hujja ta ƙarfafa har ya danne kishiyarsa. Fiƙihu bai raina wannan mataki ba, tunda a kansa alƙali ke yanke hukunci da shaidar adilai biyu, duk da yiwuwar su kuskure, kuma wanda ya ƙi tsayar da inji sai ya ga ƙanƙarar da idonsa, sakaci ya yi, ba tsantseni ba. Amma shaida sai da tazkiyya, wato tantance amincin mai bayar da ita, kuma a nan aikin ya fi wuya, domin sanyi shi kaɗai kan sauya saurin sauti ko da fiffiken fes yake, don haka dole a fara adana amon fiffike mai tsabta a yanayin zafi daban-daban kafin a gaskata na'urar.