Takardar Gwaji a Gaban Liman

A ɗauka wani magidanci ne daga Ajingi, ɗan kasuwar hatsi mai zirga-zirga tsakanin Gaya da Dawanau. Matarsa ta daɗe tana fama da wasu ƙuraje a gabanta, su fito su fashe su warke, bayan watanni su dawo. An sha jiƙe-jiƙen maganin sanyi ba a dace ba, sai ya kai ta wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a birni. Aka ɗebi jini, aka miƙo takarda, mai gwajin ya ce an ga herpes, ya ƙara da cewa ta saduwa ake ɗauka. Tun daga gadar Wudil har gida maigidan bai ce mata uffan ba. Da aka idar da asuba ya zaro takardar daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa, ya miƙa wa liman. "Allah gafarta Malam, ni dai na san kaina. To ita ina ta samo?"

Irin wannan tambaya za ta ƙara yawa a zaurukan malamai. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, abin da Hisba ta riga ta saba yi wa masu shiga auren gata. Jama'a sun fara sabawa da karɓar takarda daga hannun mai farar riga. Abin da ba a saba da shi ba tukuna shi ne tambayar takardar iyakar abin da ta sani.

Ƙwayar herpes iri biyu ce. Ta farko ita ce mai fitar da ƙuraje a leɓe bayan an sha zazzaɓi, kuma yawanci tun ana yara ake samunta, daga sumbar uwa ko gwaggo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, kusan biyu cikin kowane uku. Ta biyu, wadda ta fi zama a al'aura, tana jikin mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49, kuma Afirka ce ta fi yawan rabo. Mafi yawansu ba su ma sani ba, domin ƙwayar kan lafe a jijiya shekara da shekaru ba ƙurji ba ƙaiƙayi, tana kuma iya tsallakawa jikin wani a hakan.

Gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba, sawunta yake gani, wato garkuwar da jiki ya haɗa tun ranar da suka fara karo. Sawun ba ya ɗauke da kwanan wata. Ba ya faɗin bara ne ko shekara goma sha biyar, ba ya faɗin daga wa. Idan nau'i na farko ne, bai ma san a leɓe take ko a ƙasa ba. Wanda ya ɗauka makon jiya na iya fita tas, don sawun kan kai mako 12 kafin ya bayyana. Wanda lambar sakamakonsa ta faɗo tsakanin 1.1 da 3.0 kuwa, likitoci na cewa a sake da wani gwajin daban, saboda sau da yawa ƙarya ce. Shi ya sa kwamitin masana rigakafi na Amurka ya ba da shawara a 2016, ya maimaita a 2023, cewa kada a riƙa yi wa marasa alama wannan gwaji. Mafi inganci shi ne a shafo ruwan ƙurjin yana ɗanye a bincika.

Ke nan mutumin Ajingi bai san kansa kamar yadda yake zato ba. Yana iya zama shi ya kawo ta gidan daga aurensa na fari, ta ratsa ta uwargida ta isa ga amarya ba wanda ya taka haram. A ƙasar da zawarci da ƙarin aure suke ruwan dare, ƙwaya na iya zaga gidaje biyar ta hanyar sadaki da waliyyi da shaidu.

A nan fiƙihu ya riga ɗakin gwaji taka-tsantsan. Suratun Nur ta ɗora wa mai jifan mace da zina nauyin kawo shaidu huɗu, in ya kasa bulala tamanin ta ƙazafi na jiransa. Miji ma ba a sakar masa baki ba, sai dai ya shiga li'ani, rantsuwar da ke raba auren har abada. Malaman Malikiyya, waɗanda suka fi kowa tsanani wajen ɗaukar cikin marar miji a matsayin hujja, su ne kuma suka buɗe ƙofar kwantaccen ciki, wanda zai iya kaiwa shekara biyar yana jingine ga tsohon miji. Wannan na cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallami Amina Lawal, wadda aka tuhuma da zina saboda ciki, a watan Satumba na 2003. Likitan yau zai yi murmushi da jin ciki mai shekara biyar. Amma manufar malaman a fili take: in dai akwai halastacciyar hanyar da abu zai iya faruwa, ba a zaɓar mummunar a ɗora wa mutum. Ga shi kuwa kimiyya da kanta ta kawo ƙwayar da ke kwanciya da gaske, fiye ma da shekara biyar.

Sai dai akwai ɗaya ɓarin, kuma ya fi wuya. In takarda ba ta isa tuhuma ba, shin wanda ya tabbatar yana da ita zai iya yin gum ya nemi aure? Littattafan da ake karantawa a Gaya, daga Risala zuwa Muktasar na Halilu, sun lissafa aibobin da ke ba da damar warware aure: hauka, kuturta, albaras da cutar al'aura mai hana saduwa. Herpes ba ta hana saduwa, ba kasafai take kisan babba ba, da wuya a cusa ta cikin jerin. Amma rashin shiga jeri bai halatta algus ba. Mai sayar da buhun gero a kasuwa ma an hana shi ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, balle mai miƙa jikinsa. Rufin asiri ya hana a yi shela a majalisa ko wajen ɗaurin aure, bai hana wadda za ta kwana a ɗakin ta sani ba, musamman da yake nau'i na biyu na ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku.

Limamin da ya san aikinsa zai ninke takardar ya mayar wa mai ita, ya ce su koma asibiti su biyu, shi ma a duba shi. Cutar ba ta warkewa, amma maganin acyclovir na rage zafin ƙurajen da yawan dawowarsu. Wanda ya fi kowa shiga haɗari a gidan ma bai iso duniya ba tukuna, domin ƙwayar na iya kashe jariri idan ya kwasa wajen haihuwa. Matar da ba a tsorata ba takan faɗa wa ma'aikaciyar awon ciki a Babban Asibitin Gaya, a fara ba ta magani daga mako na 36, in kuma naƙuda ta zo da ƙuraje a waje a ciro ɗan ta tiyata. Wadda aka yi wa barazanar saki kuwa takan haihu a ɗaka ba ta gaya wa ko ungozoma ba.